Moton mai niƙa da lissafin juyinsa

Jiya wani mai niƙa daga Pantami ya kawo min moton lantarki na injin niƙansa shagona a nan Gombe, wai in ƙara masa waya ya ƙara gudu. Na ce, "Malam, ai ba nan take ba."

Abu biyu ke ƙayyade gudun irin wannan moto: bugun wuta da yawan fol ɗin naɗinsa, wato kawunan maganaɗisun da naɗin wayar ke samarwa. Wutar Najeriya bugu 50 take yi a daƙiƙa. Ka ninka 50 sau 120, ka raba da yawan fol. Fol 2, juyi 3000 a minti. Fol 4, 1500. Lissafin janareta ma haka yake.

Nasa fol 4 ne, amma 1440 aka rubuta a jikinsa, domin rota, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin moton, kullum a bayan juyin maganaɗisu yake tafiya kaɗan, da wannan ratar yake samun ƙarfin ja.

Tunda gudun injin niƙan yake so ya ƙaru, fuli, wato ƙarfen da bel ke hawa, kawai na ce ya sauya.