Gidan da Inna ke kira gidan gumaka

Abin kunya ne amma bari in faɗa, an haife ni a cikin birnin Katsina, na yi wayo a nan, amma sai satin da ya wuce na fara taka ƙafata cikin gidan tarihin nan na tsohuwar Kwalejin Katsina. Kuma ba don kaina ba, ɗiyar yayata ce aka ba su aikin gida a makaranta ta ishe ni da Kawu ka kai ni Kawu ka kai ni. Muna shirin fita Inna ta ce ina zuwa, na gaya mata, ta ce "yanzu gidan gumaka za ka kai man yarinya?" Na ce Inna makarantar su Sardauna ce fa. Ta ce to ku dai yi addu'a kafin ku shiga.

Ginin shi ya fara kama ni. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, waje rana kamar ta soya mutum amma kana shiga sai wani sanyi ya buge ka babu fanka babu komi. A 1922 aka yi bikin buɗe makarantar, nan Ahmadu Bello da Tafawa Balewa suka yi karatu, daga baya aka maida ta Kaduna, aka kuma kai ta Zariya ta zama Barewa. Ni ina can ina tunanin manya, ita yarinyar tambayarta ɗaya, wai su ma ana yi masu bulala in sun makara?

Inda na daɗe a tsaye shi ne wajen labarin Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Mani, kaburburan masu mulkin da ne. Wani Bature Palmer ya fara tonawa a 1907 zamanin Sarki Dikko, aka sake tonawa a 1992 tare da Jamusawa, abin da aka samu kuwa ba wasa ba, 'yan kunne na zinari, awarwaron hauren giwa, kwanukan tagulla da suka fito tun daga ƙasashen gabas, kuɗin wuri, duwatsun ado, an binne mutum da kayanshi kaf. Har Jamus aka kai su aka gyara sannan aka dawo da su a 2014. Mani fa! Nan kusa da mu, inda ni iyakar abin da na sani game da wajen shi ne hanyar Daura ce.

Maganar Inna ce ta hana ni sakat, da dare na ɗauki waya na shiga bincike. Ashe akwai mutum-mutumin yumɓu na zamanin da can da masu harkar kayan tarihi a Turai ke kira da sunan Katsina kai tsaye, kamar yadda ake cewa na Nok, wato irin waɗanda aka fara samu a garin Nok na kudancin Kaduna, wasu ma mutum ne zaune bisa wata tukunya ya ɗora hannu a gwiwa. Yawancinsu haƙo su aka yi a ɓoye aka fitar, shi ya sa ko takamaiman ramin da suka fito ba a rubuta ba. Wallahi raina ya ɓaci. Ba wai ina cewa a bauta ma komi ba, Allah ya kiyaye, amma wanda ya murza laka ya fitar da ido da hanci da gemu haka ai gwani ne, kuma ƙasar nan tamu ya taka. Mu muna tsoron kallo, wani ya sa a gilashi a falonshi.

Da safe na nuna ma Inna hoton ɗaya. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuska ta daɗe tana kallo, can ta ce wannan gemun sak na marigayi Baffa, ta miƙo man wayata ta ci gaba da tankaɗe.