Me ya ci a kwana ukun nan?

Sana'ata ajiyar karnuka da kyanwoyi ce, mutum zai yi tafiya sai ya kawo min dabbarsa in riƙe masa kwana uku ko sati, wani har wata, mu yi musu wanka mu yanke farce mu ciyar da su. Ni da yara biyu ne kawai muke aikin. Kuma duk wanda ya shigo da kare ko kyanwa, tun kafin mu zo maganar kuɗi tambayar da nake fara yi masa ita ce me ya ci a kwana ukun nan da suka wuce.

Wata mata ce sanadin tambayar nan. Ta kawo karenta lafiya ƙalau yana ta kaɗa jela, a kwana na biyu da safe yaron da ke wanke keji ya ƙwala min kira, Oga zo ka ga fitsarin nan. Fitsarin ya yi ja ya yi duhu, na ɗaga leɓen karen sai na ga dasashinsa ya koma fari fat, ga haki yana yi ko miƙewa ba ya so. Nan take muka tafi wajen likitan dabbobi, ya auna ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai. Da na kira ta a waya faɗa ta fara, wai me na ba shi, na ce Hajiya ki yi haƙuri, a gida me yake ci? Ashe sati guda suna da baƙi, kullum sauran naman da aka soya da albasa shi ake juye wa. Wallahi ba mugunta ba ce, ƙauna ce, kuma abin da ya fi damuna a aikin nan ke nan, yawancin dabbobin da na gani sun jigata hannun mai son su ne ya miƙa musu.

Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, dafawa ko suya ba ta hana wannan, garinsu da ake barbaɗawa a girki ma ya fi ƙarfi tunda an busar da shi. Matsalar ita ce ba ranar ake ganin alamar ba sai bayan 'yan kwanaki, lokacin mutum ya ma manta da abin da ya bayar. Kyanwa kuwa ta fi kare saurin kamuwa. Karen Hajiyar ya warke alhamdulillahi, amma sai da ya yi kwanaki a hannun likita.

Cakulan mutane da yawa sun ji labarinsa, akwai wani sinadari a ciki, tiyobromin, da jikin kare ke ɗaukar kusan awa 17 kafin ya rage rabinsa, gwargwadon baƙin cakulan ɗin gwargwadon haɗarinsa, amai, bugun zuciya da sauri, karkarwa har farfaɗiya. Kofi ma hanyarsu ɗaya. Wanda ni ya fi ba ni tsoro inabi ne da zabibi, don ba su da ma'auni, wani kare zai ci da yawa ba abin da zai same shi, wani 'yan ƙwaya kaɗan ƙodarsa ta tsaya. Sai cingam ɗin da aka rubuta ba sukari, da yawansu wani sinadarin zaƙi mai suna zailitol ake sa musu, kare ya haɗiye shi cikin minti 30 zuwa awa ɗaya sukarin jininsa zai iya faɗuwa ya fara tangaɗi, daga baya hanta ta taɓu. Shi ya sa na hana yarana ajiye jaka a ƙasa a wajen aiki, kare da hancinsa zai zuge ta.

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake kamar tsinke ya huda hanji. Madara kuma da kowa ke ganin ita ce abincin kyanwa, yawancin manyan kyanwoyi cikinsu ba ya iya narkar da ita, zawo kawai take sa su, mu da muke kwashe kashinsu mun sani. Ba abinci ba ne amma dole in faɗa, farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

In abin ya riga ya faru don Allah kar a ɗura gishiri wai ya yi amai, gishirin kansa guba ne in ya yi yawa. A ɗauki ledar ko kwalin abin da ya ci, a tuna ƙarfe nawa ya ci da kuma yawansa, a kira likita tun dabbar tana wasanta.

Yanzu ina da fom da kowa ke cikewa, kuma girkin gida in ban san me aka zuba a ciki ba ba na karɓa. Akwai kwastoman da ya ji haushi ya ɗauke karensa da kwanon abincin ya tafi bai sake dawowa ba. Ita kuwa Hajiyar har yau tana kawo nata, da ta shigo tun ban buɗe baki ba take lissafa min abin da ya ci.