Yadda asusun ƙungiyarmu ya riƙe mata a kullen korona

Ni ce ma'ajin ƙungiyar gama kai ta matan unguwarmu a Kurna, cikin Kano. Masu ƙosai ne da masu awara da 'yan ɗinki, kowace tana zubi gwargwadon ƙarfinta, wadda ta buƙaci jari a ranta mata ba ruwa.

Da aka kulle Kano a watan Afrilu na 2020, ga azumi ya kama, sana'a ta tsaya cak. Wadda sai ta soya ta sayar kafin a ɗora tukunya a gidanta, me za ta ci? Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance, amma ta intanet ake nema kuma sai da BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, mafi yawan matanmu kuwa ko asusun banki ba su da shi.

Muka yi shawara ta waya. Farko muka dakatar da karɓar biyan bashi. Sannan muka fasa asusu, ranar da aka sassauta dokar muka aika kasuwar hatsi ta Dawanau aka sayo gero da masara buhu-buhu, muka auna da kwano.

Rabon ne ya fi koya mini darasi. Wata dattijuwa, bazawara mai riƙon jikoki, na kira ta ta ce, "'Yar nan, alhamdulillahi, a ba waɗanda suka fi ni." Maƙwabciyarta ce ta raɗa mini cewa kwana biyu hayaƙi bai tashi a gidan ba. Daga ranar muka daina tambayar wa ke so, muka koma aika yara da ƙullin hatsi bayan sallar isha'i, don rufin asiri. Mai kunya ba ta shiga layi, ko yunwa za ta kashe ta.

Da wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo da shinkafa da sabulu, littafinmu ta bi. Mu muka san mai goyo, mu muka san wadda mijinta ɗan adaidaita ne yana zaune a gida.

Bayan an buɗe gari, da yawa sun cinye jarinsu. Muka sake ba su ƙaramin rance, biya a hankali, kuma kusan duka sun biya. Yanzu a kowane zubi muna cire wani kaso mu ajiye daban, ba a ranta shi ko don biki.