Yadda na ɗaure afdet ɗin kwamfutata a turke

Ina da ɗan shago a bakin titin garinmu, can gaba da Wudil kaɗan, inda nake cajin waya da buga takardu da cike ma yara fom na makaranta. Jarin gaba ɗaya bai wuce laftof ɗaya 'yar gwanjo da na sayo a Beirut Road a Kano ba, sai firinta, sai ƙaramin janareto da sola guda biyu masu riƙe cajin wayoyin mutane. Intanet kuwa daga wayata nake jona ma kwamfutar ta hosfot, wato duk abin da ta sha na data daga aljihuna ya fita, babu wani wayifai na ofis da zan jingina da shi.

Wata Laraba da safe na sa data giga biyar, wadda a lissafina za ta kai ni sati biyu ko ma fiye tunda aikin nawa ba kallon bidiyo bane. Kafin a kira azahar sai ga saƙo wai datar ta ƙare. Ni kuma ban yi wata-wata ba na juya kan ƙanina da ke tayani zama a shagon, nace kai ne ka zauna kallon ƙwallo da na fita ko? Yaron nan ya rantse ya maya, yace Yaya wallahi ko taɓa ta ban yi ba, ni ina waje ina karɓar wayoyin caji. Ban yarda ba, har na hana shi kuɗin abincin rana, abun da har yau in na tuna sai naji kunya.

Washegari abun ya ƙara ƙwaɓewa. Hedimastan wata firamare da ke maƙwabtaka da mu ya kawo tambayoyin jarrabawa a buga masa, yana sauri don ranar Litinin za a fara. Na tada janareto da ɗan man da bai kai lita biyu ba, na kunna laftof, kawai sai ta kawo min shuɗin allo da 'yan ɗigo-ɗigo suna juyawa, wai tana aikin sabuntawa kar a kashe ta. Ta kai kashi 30 ta tsaya cak kamar jakin da ya ga rafi. Dattijon nan yana zaune a benci yana duba agogo, can yace "Malam, wai lafiya kuwa?" Nace ranka ya daɗe gyaran kanta take yi. Yace "To ita ba a faɗa mata muna da jarrabawa bane?" Muka yi dariya amma ni ta ciki na ciki, don batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, in man nan ya ƙare a tsakiyar aikin Allah kaɗai ya san ko za ta sake tashi. Sai da na aiki ƙanin nawa a guje ya ƙaro mai a galan. Kuɗin aikin da aka biya ni ranar ko man bai mayar ba.

Daga baya ne na gano a cikin setin akwai wajen da ake ganin wa ya sha data nawa a kwana 30 da suka wuce, a ɓangaren intanet. Ina buɗewa naga ashe ita kanta kwamfutar ce ta kwashe kusan duka wajen sauke afdet, wato sababbin gyare-gyaren da ake turo ma Windows, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta intanet. Kuma in za a faɗi gaskiya laifin nawa ne, don ita ba ta san ko a ƙauye take ko a birni ba, duk wayifai ɗin da ka jona mata ɗauka take irin na masu biyan wata ne da ba ya ƙarewa, sai dai in kai ka gaya mata. Ni kuwa ban taɓa gaya mata ba. Na kira yaron na ba shi haƙuri, na haɗa masa da tsire da yamma.

Abu na farko da ya zo min a rai shine in kashe afdet ɗin nan kwata-kwata in huta. Na kai ma wani mai gyara a cikin gari, ya shiga wajen da ake tsayar da ayyukan da ke gudana a ɓoye ya kashe na Windows Update, ya karɓi kuɗinsa yace an gama har abada. Ba a yi wata guda ba naga ya dawo da kansa. Ashe akwai wani ɗan aiki daban a cikin Windows ɗin da aka sa musamman don ya riƙa tada shi in an kashe, kamar dai kana toshe ramin gafiya tana ɓullowa ta wani wajen.

A wannan tsakanin ne na karanta labarin WannaCry, kuma shi ya sauya min tunani. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta ta bazu a ƙasashe wajen 150, tana kulle fayil ɗin mutane tace sai an biya kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya saboda kwamfutocinsu sun kulle. Abun da ya fi bani mamaki, Microsoft, kamfanin da ke yin Windows, sun riga sun fitar da facin da ke toshe ƙofar da cutar ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin abun ya faru, waɗanda ta kama galibi waɗanda ba su sa facin bane. Sai na kalli laftof ɗina, a ciki akwai hotunan katin ɗan ƙasa na mutanen garin nan, da sakamakon jarrabawar yaransu, da takardun filaye da na buga. Ga filas da ake kawo min daga ko'ina, wani an soka shi a kwamfuta goma kafin ya iso ni, kuma shi maganin bayros da ke zuwa da Windows ɗin ta wannan hanyar ta afdet yake samun sabon bayani kusan kullum. In na kashe, amanar mutane na bari a buɗe.

Toh sai na tuna yadda muke yi da awaki da damina. Babu mai yanka akuyarsa don tana shiga gonar mutane, turke ake kafa mata a ɗaure, a kawo mata ciyawa a lokacin da aka ga dama, in an yi girbi a sake ta. Haka na yi da afdet.

Igiya ta farko kuma wadda ta fi kowace amfani a wajena ita ce gaya ma kwamfutar cewa datar nan a mudu ake auna ta. Kana shiga setin, ɓangaren intanet, ka danna sunan hosfot ɗin wayarka, za ka ga wajen da aka rubuta Metered connection, sai ka kunna. Daga nan ba za ta riƙa sauke manyan afdet da kanta ba, sai 'yan ƙanana masu matuƙar muhimmanci da takan ɗauka wani lokaci, waɗanda ba sa cin wani abun kirki. Amma akwai tarko a nan da ya kama ni har sau biyu. Ba sau ɗaya ake yin setin a gama ba, kowane wayifai da nasa. Ranar da wayata ta mutu na ari ta maƙwabcina mai shayi na jona, ai kuwa kafin in farga an lashe masa giga ɗaya da wani abu, sai biyansa na yi. Haka in ka canza sunan hosfot ɗinka, a wajenta baƙo ne, sai ka sake. Sannan in ka jona wayar da kebul maimakon hosfot, ɗauka take waya ce irin ta ofis aka soka mata, nan ma sai ka shiga ka kunna daban. Yanzu duk sabon abun da na jona, kafin in buɗe komai can nake fara zuwa.

Akwai kuma dakatarwa, a shafin Windows Update ɗin an rubuta Pause updates, yana ba ka har kwana 35 wato sati biyar. Wannan nake amfani da shi lokacin da aiki ya yi yawa, kamar lokacin rajistar JAMB ko ƙarshen zangon karatu da malamai ke layi da takardu. Sai dai ka sani bashi ne kake ci, in kwanakin suka cika ba za ta bari ka ƙara dakatarwa ba sai ka karɓi abun da ya taru, saboda haka gara kai ka zaɓi ranar biya kafin mai bin bashin ya zo maka ana tsakiyar ciniki.

Maganar ristat a gaban kwastoma kuwa, akwai Active hours, inda kake faɗa mata awannin da kake aiki don kar ta kashe kanta ta kunna a ciki. Iyakarsa awa 18 a rana, ni na sa daga 6 na safe zuwa 12 na dare, ya ishe ni. Wani kuma da mutane da yawa ba su san da shi ba shine Delivery Optimization. Shi wannan an yi shi ne don kwamfutoci su riƙa taimakon juna, wadda ta riga ta sauke afdet ta tura ma wata. A ofis mai kwamfuta ashirin dabara ce mai kyau, amma ni mai kwamfuta ɗaya tal da datar aljihu ban ga dalilin da zan yi wannan sadakar ba, na kashe shi. Masu samfurin Windows da ake kira Pro suna da wata hanyar ta gpedit, wani shafin seti na daban, da za a sa ta riƙa neman izini kafin ta sauke komai, tawa Home ce babu wannan, ban kuma rasa komai ba.

Yanzu ga yadda nake kawo mata ciyawar. Microsoft suna fitar da babban facin tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, a lokacinmu na nan yakan faɗo wajen magariba zuwa isha'i, kun ga dalilin da ya sa datata ta tafi ranar Laraba kenan. Ni bana karɓa a satin da ya fito, ina barin shi ya kwana biyar ko sati, don shi ma afdet ɗin yakan zo da tangarɗa wani sa'in, a watan Oktoban 2018 sai da suka janye wani babba bayan wasu sun yi ƙorafin ya goge musu fayil. Bari waɗanda ke da wuta da intanet na banza su fara ɗanɗana mana miyar. In sati ya zagayo ban ji wani kuka ba, sai in sayi datar dare mai arha, in kwafe takardun mutane a filas, in tabbatar janareto na da mai ko batirin sola ya cika, in danna da hannuna in zauna ina shan shayi har ta gama ta yi ristat ɗinta. Maganar wuta ɗin nan kar a raina ta, musamman mu da yawancin laftof ɗinmu batirinsu ko minti goma ba ya yi, ɗaukewar wuta a tsakiyar afdet ita ke sa kwamfuta ta ƙi tashi a ƙare da fomatin, wato a goge komai a sake ɗora mata Windows. In kuma bayan an gama naga firinta ta daina ji ko wani abu ya rikice, a cikin tarihin afdet akwai inda ake cire na ƙarshen, babban sauyi kuma ana ba ka kwana 10 ka koma na baya.

Abun dariyar shine akuyar da na sha wahalar ɗaurewa yanzu ita ke shirin tafiya da kanta. Tawa Windows 10 ce, wadda ta fito tun 2015, kuma daga 14 ga Oktoban 2025 aka daina mata afdet na kowa da kowa, sai wanda ya yi rajistar ƙarin facin tsaro, shi ma na masu amfanin gida da aka fito da shi wa'adin 13 ga Oktoban 2026 aka sa masa. Na yi rajistar. Windows 11 kuwa ta ƙi hawa laftof ɗina, don tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta kamfanin Intel ce galibi sai 'yar ƙarni na 8 zuwa sama, wato fitowa ta 8 a jerin ƙirarsu, tawa ta 4 ce. Nasan akwai masu ɗora ta da dabara a kan tsofaffin injina, an ma yi min tayi, amma su kamfanin sun faɗa cewa ba su yi alkawarin afdet ga irin waɗannan ba, ni kuma da takardun mutane a hannuna bana son caca.

Shi yasa na ware buhu biyu na riɗi bana ban taɓa ba, ina jira farashi ya ɗan motsa in shiga Kano. Wannan karon ba zan tsaya kallon kyan murfi da girman allo ba kamar wancan zuwan, sai an kunna min ita a gabana naga ƙarninta da idona, a zare caja kuma in ga ko batirin zai kai awa ɗaya. Ƙanina yace shi zai raka ni, wai tsohuwar tasa ce in an sayo sabuwa, ladan kuɗin abincin da na hana shi.