Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Mama Basiniya da 'yan amshinta

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na kwashe kayana daga ɗakin kwanan ɗalibai na koma haya gidan wata dattijuwa Basiniya a birnin Kolon na Jamus, lokacin ina koyon aikin jinya. Yau zan ajiye nawa labarin in ba ku nata, domin abin da ya same ni daga baya ba zai fahimtu ba sai an san wace ce ita.

Mama nake ce mata, ita kuma ta ce min "yarinya", ko da na girmi wasu iyayen yara. Ran da ta ji ba na cin naman alade ta je ta sayo min tukunya da wuƙa da katakon yanka nawa na kaina, ta ɗaura musu jan zare. A wannan kicin ɗin, tana yanka kabeji ina wanke-wanke, na tsinci tarihinta guntu-guntu.

A Beijing aka haife ta, farkon shekarun 1950. Tana 'yar sakandare Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke a 1966, aka rufe makarantu, kiɗan Turawa ya zama laifi, malaman fiyano suka koma sharar bayi. Ƙarshen 1968 shugaban ƙasar Sin, Mao Zedong, ya ba da umarnin a tura samari da 'yan matan birni ƙauye su koyi rayuwa a hannun manoma, kuma miliyoyi aka kwasa. Ita Heilongjiang aka kai ta, can iyaka da Tarayyar Sobiyet, inda sanyi kan wuce digiri talatin ƙasa da sifiri. Gonar waken soya ta yi wa bauta. Abin da ya fitar da ita daga kunya shi ne murya: wani shugaban rukuni ya ji tana rera waƙa wajen aiki, ya sa ta cikin tawagar farfaganda mai zagaya gonaki. A zamanin wasannin waƙa takwas ne suka yi kane-kane a ƙasar, waɗanda Jiang Qing matar Mao ta amince da su, su ake maimaitawa dare da rana. Mama ta ce a nan ta koyi ɗaga murya ta kai ƙarshen fili ba lasifika, a nan kuma ta koyi miyagun ɗabi'un maƙogwaro da sai da ta yi shekaru tana kankarewa.

Da Mao ya rasu a 1976, aka dawo da jarrabawar shiga manyan makarantu a 1977. Babbar makarantar kiɗa ta Beijing kaɗai mutum fiye da 17,000 suka nema, gurbi kuwa 'yan ɗaruruwa ma bai cika ba. Ta samu. Ta shiga aji tana da shekara ashirin da biyar, ba ta taɓa jin opera na Italiya, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, cikakke ba, aka miƙa mata waƙa da Italiyanci ta haddace kamar yadda ake haddace abin da ba a san ma'anarsa ba.

A nan ne ciwon yake, kuma ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya na gane shi sarai. Murya tsoka ce da numfashi, tana da ƙuruciyarta. Shekarun da 'yar Turai ke yi tana gina murya, daga sha takwas zuwa ashirin da biyar, Mama ta yi su tana daskarewa a gona. Manyan gasannin waƙa na Turai, waɗanda ke buɗe wa baƙo ƙofa, suna da iyakar shekaru, yawanci talatin da 'yan kai. Ta gama karatu, ta yi aiki a tawagar gwamnati, ta ga shahararren mawaƙin opera na Italiya Luciano Pavarotti a talabijin lokacin da ya zo Beijing a 1986 ya cika Babban Zauren Jama'a, ta ƙudura sai ta fita. Kafin ta haɗa fasfo da biza da kuɗin jirgi ta sauka Jamus a 1988, ta riga ta haura shekarun gasa. Bayan da sojoji suka murƙushe masu zanga-zangar dandalin Tiananmen na Beijing a Yunin 1989 ba ta ƙara zancen komawa ba.

Me ya sa Jamus? Saboda babu ƙasar da ta kai ta yawan gidajen opera, kusan tamanin, har a garuruwan da ba su kai Funtuwa girma ba, kuma gwamnatocin jihohi da birane ke biyan albashi. Ta yi ta zagayen gwaji a jirgin ƙasa da riga ɗaya ta fita kunya. Duk inda ta je sai su yaba muryar, sannan su ce za su tuna da ita in sun tashi yin wasan da ke da rawar 'yar Asiya. Irin waɗannan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba kowace shekara ake yinsu ba. A ƙarshe wani gidan opera a yankin Ruhr ya ɗauke ta, amma cikin 'yan amshi.

Mu ma a gida kowa ya san sunan mawaƙi, ba wanda ke tambayar sunan ɗan amshi, alhali in amshi ya karkace waƙa ta zube. Haka abin yake a can, sai dai su 'yan amshinsu ma'aikata ne masu kwantiragi da fansho da ƙungiyar ƙwadago. Atisaye da hantsi, hutu da rana, wasa da dare, har ranakun Kirsimeti. Yau Jamusanci, gobe Italiyanci, jibi Rashanci ko Faransanci, duk da ka. Wanda ya yi shekara goma sha biyar a gida ɗaya ba a iya sallamarsa haka kawai, ita kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba. Abin da ke ba ta dariya har hawaye shi ne lokacin da suka yi Turandot, wasan Puccini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da labarinsa ke faruwa a Beijing, wanda ya ari karin wata tsohuwar waƙar Sinawa ta furen yasmin. Mai kwalliya ta zaunar da ita cikin layin Jamusawa, ta ja mata ido da baƙin fensir don ta yi kama da Basiniya.

Na taɓa tambayarta ko ba ta jin haushi. Ta ce, "Yarinya, haushi ba ya biyan kuɗin haya." Ni dai ban yarda ta huce ba, don duk sanda aka sa wata matashiya Basiniya a talabijin tana jan wasa a Berlin ko Biyana, sai Mama ta tashi ta hau goge murhun da ba shi da datti.

Inda na ga ainihin Mama shi ne ranar Asabar. Tun kafin ta yi ritaya ta kafa ƙungiyar mawaƙa ta Sinawa mazauna yankin, suna haɗuwa a zauren wani coci da suke haya awa uku. Masu dafa abinci a gidajen cin abinci, injiniyoyi daga Dusseldorf, ɗalibai, da kakannin da aka ɗauko daga gida rainon jikoki. Yawancinsu ba su iya karanta rubutun kiɗa na Turawa mai layi biyar ba. Abin da suka tashi da shi a makaranta rubutun lambobi ne: 1 zuwa 7 su ne muryoyi bakwai, 0 shiru, ɗigo a sama a hau, ɗigo a ƙasa a sauka, layi a ƙarƙashin lamba a gajarta ta da rabi. Don haka duk waƙar da za a yi, ko ta Mozart ce, Mama za ta zauna da fensir ta juya ta zuwa lambobi, murya huɗu, ni kuma in kai shagon kwafi. Ta haka na shiga hidimar ban sani ba.

A gaban mutanen nan ba ta da wasa. Laoshi suke ce mata, wato malama, kuma in ta ɗaga hannu, attajirin da ke da gidajen abinci uku sai ya nutsu kamar kowa. Rabin lokacin ba waƙa ake yi ba, numfashi ake koya. Ta sa su dafa ciki, su saki haɓa, su daina tura murya ta hanci. Babban yaƙinta shi ne da masu son a ji su su kaɗai. Takan nuna mutum da fensir ta ce, "In ina jin muryarka daban, to ka ɓata mana." Wadda ta so zama tauraruwa ce ke faɗin haka, kuma da gaske take faɗa.

Rigimar da na tarar ta taso ne kan waƙar Rawayen Kogi, wadda Xian Xinghai ya tsara a Yan'an a 1939 lokacin yaƙi da Japan, baitocin kuma na Guang Weiran. Babu ƙungiyar mawaƙan Sinawa a ƙetare da ba ta burin yinta. Amma a ƙungiyar Mama akwai 'yan Taiwan, kuma can an hana waƙar a zamanin dokar soja da ta ƙare a 1987, saboda daga sansanin 'yan gurguzu ta fito. Wasunsu suka ce ba za su buɗe baki ba. 'Yan Hong Kong kuma nasu ƙorafin daban: harshen Mandarin na yi musu nauyi, kuma takardun an buga su da sauƙaƙƙen rubutun babban yanki, su da 'yan Taiwan tsohon rubutu suka saba. Mama ta bari kowa ya amayar da cikinsa, sannan ta tuna musu cewa ita ma tana budurwa ba a yarda a rera baitocin ba, kiɗan kawai aka ɗebo aka mayar na fiyano, don an saka marubucin a baƙin littafi. Ta ce waƙar da gwamnati biyu suka ji tsoro ba mallakin ɗayansu ba ce. Mutum biyu suka ɗauki jakarsu suka fita, sauran suka zauna.

Daren nan ta ba ni aikin buga takardu kashi biyu, sabon rubutu da tsoho, ni da ban san ko harafi ɗaya ba. A shagon kwafin ne na haɗu da mutumin da ya zama sanadin barina Kolon. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.