Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Berje ko Karen Azawak

Makon jiya na tsaya a daren da aka haura mana katanga a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, aka kwance jajayen awaki uku, har da mai tsohon ciki. A lokacin unguwar ba ta cika ba, bayan gidanmu gonakin hatsi ne. Da gari ya waye na tsaya ina kallon guntayen igiyoyi a jikin turaku, yankan wuƙa. A nan na ƙudura sai na ajiye kare.

Uwargida ce ta fara tirjewa. "Alhaji, kare a gidan da ake salla? Mala'ikun rahama fa?" Ban ja da ita ba, domin ni ma abin na raina. Bayan la'asar na sami malaminmu. Ya ce hadisi ya yi rangwame ga karen farauta, da na tsaron dabbobi, da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwaryar ruwa a wanke ta sau 7. Ya ƙara da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan: katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, aka ce masa Imamu Malik bai son haka, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Sharaɗin malam ɗaya ne, karen ya zauna wajen garke, kada ya leƙa ɗakuna.

Sai rigima ta koma kan iri. Ɗana na fari, yana lise, wato babbar sakandare, a lokacin, ya kafe: "Baba, berje alman za mu sayo, irin na jandarma." Ya haddace tarihin wannan kare na Jamus kamar karatun allo, cewa wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa irin a 1899 don kiwon tumaki. Gaskiyarsa, kare ne mai basira, ga jin magana, ga kwarjini. Ɓarawo ya ji haushinsa kaɗai ya sake hanya.

Muka je ganin wani a gidan wani ɗan kasuwa a unguwar Zariya. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Muka tarar da shi kwance a kan simintin da aka jiƙa, harshe a waje, yana haki kamar wanda ya yi tseren kilomita goma, alhali ko motsi bai yi ba. Gashinsa rufi biyu ne, na ƙasar sanyi. Mai gadi ya ɗaga masa kunne, sai ga kaska jere kamar an shuka. Ya ce kullum sai an je mahauta, ga shinkafa, ga likitan dabbobi, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kuma fanka ta tsaya, sai a yi ta zuba masa ruwa. Da ya tashi na lura ƙafafun baya na ɗan jan ƙasa, ciwon ƙugu ne da ya yi yawa a irinsu. Wallahi tausayinsa na ji. Kare mai nauyin kilo 35 ko fiye, an raba shi da ƙasarsa, bai san laifin da ya yi ba.

Ana cikin haka wani dattijo, aminin mahaifina daga Abalak, ya sauka wurinmu, ya kawo raguna kasuwar Juma'a. Da ya ji labari ya gyara rawani ya ce, "Ɗana, me ya kai ka Jamus?" Su Buzaye suna da nasu, suna ce masa oska, Turawa kuma suka sa masa sunan kwarin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali. Ya ce a ruga gumba da nono yake ci kamar kowa, rana ba ta dame shi ba, sanyin hunturu da ruwan sama ne bai so. Bai ɓoye mini aibunsa ba: bai sakewa da baƙo, bai bin umarni don an daka masa tsawa, duka kuwa ɓata shi yake, kuma in ba a bar shi ya yi gudu ba sai ya lalace. Jininsa na farauta ne, duk abin da ya zabura a gabansa zai bi. Shi ya sa ya ce a kawo shi yana kwikwiyo, ya tashi cikin awaki, ya ɗauke su dangi.

Kwana biyu ina lissafi. Kuɗin naman berje na wata guda sun fi dusar awakina duka. Gidan da yara ke cin nama ranar Juma'a kaɗai, da wane ido zan kai wa kare kullum? Na zaɓi na Azawak. Yaron ya yi fushi, har ya daina cin tuwo tare da ni na 'yan kwanaki. Na bar shi ya huce.

Bayan wata biyu dattijon ya aiko da kwikwiyon cikin kwando a motar dabbobi, ya kuma aiko da saƙo cewa kada in kuskura in yi maganar kuɗi. Ja ne kamar awakinmu, fari a ƙirji da ƙafafu, dogayen ƙafafu kamar na barewa. Uwargida ta leƙa kwandon ta ce, "Alhaji, wannan ai yunwa ta gama da shi, dubi haƙarƙari!" Na ce mata halittarsu ce haka. Washegari na kai shi aka yi masa allurar haukan kare, aka ce in maido shi duk shekara.

Daren farko ya ƙi tuwo, ya ƙi kowa, yana ta kuka a gindin bedi. Wajen asuba na ji shiru, na fito da tocila. Na same shi ya cusa kai a cikin tsohuwar akuyarmu yana barci, ɗana kuwa, mai fushin nan, zaune a gefe da ƙwaryar nono a hannu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zabin maƙwabcinmu guda 4 da zaman da muka yi a gaban mai unguwa.