Mijin Inna

Yau kwana 7 da komawata buro bayan hutun haihuwa na sati 14. Da asuba nake tarar ruwa, don famfonmu na Garin Malam sai ya ga dama yake kawowa. In shirya babbar zuwa lakwal, in hau kabu-kabu da jariri sai Birni, gidan surukata. Awa gudan da doka ta ba mai shayarwa kuwa, rabinta a hanya take ƙarewa.

Jiya na iske Inna ta goya shi da tsohon zanenta tana tankaɗe, shi ko har da munshari. Na ce, "Inna, sannu da ɗawainiya." Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ke je ki ci tuwo, ni da mijina ne."